Yadda ake hasashen lalacewar mahaɗar layin dogo

A tashar Zariya, inda layin Ƙaura Namoda ya rabu da na Legas zuwa Kano, ƙarfen da ya fi shan wuya shi ne hancin mahaɗa, wato tsinin da ƙarafan layi biyu ke haɗuwa su yi. A nan akwai giɓi, ƙafar jirgi tana barin ƙarfen gefe ta sauka a kan hancin da duka. Mai son sanin yaushe zai gaji, nauyin da ya bi ta kansa zai ƙirga, watanni ba sa faɗin komai.

Ka fara da alama. Sa fenti a wurare uku ko huɗu daga bakin hancin zuwa baya, kullum a nan za ka auna. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe mai tsawon mita ɗaya, ka auna zurfin lotsawar da milimita, ka rubuta tare da jimillar tan ɗin da ya wuce tun awon baya. Duba faɗin layin ma: milimita 1,067 ne a tsohon dogo.

Kada awon farko ya ruɗe ka. Ana yawan zuba hancin da ƙarfe mai sinadarin manganis kashi 11 zuwa 14 cikin ɗari, wanda duka ke ƙara masa tauri. Yana sabo zai baje da sauri, ya fitar da leɓe a gefe, sannan ya lafa. A gurje leɓen nan da wuri, in an bar shi tsagewa yake yi ya ɓalle da gutsuren ƙarfe. Sai cinyewar ƙarfen ta daidaita za ka yi lissafi: a ce milimita ɗaya yake ci a tan miliyan biyu, saura milimita uku ya kai iyakar da ƙa'ida ta sa, to tan miliyan shida ya rage masa.

Wannan lissafin yana aiki ne muddin ƙasa ba ta motsa ba, kuma a nan aka fi yin sakaci. Da damina, musamman a watan Agusta, tsaya ka kalli jirgi yana wucewa. Idan katakon da ke ƙarƙashin hancin yana nutsewa yana feso taɓo, tsakuwa ta cika da laka, duka zai ƙaru, cin ƙarfen ya wuce abin da ka lissafa. Buɗe magudanar ruwa, danƙare tsakuwa, ɗaure noti, ka sake awo daga farko.

Tsaga kuwa, da jan ruwan gwaji ake nemanta, wanda ke shiga cikinta ya bayyana ta, domin na'urar da ke binciken cikin ƙarfe da sauti ba ta karanta zubabben manganis da kyau.