Yadda za ka gano matsalar izini idan saba ta ce babu fayil alhali yana nan

Matasan unguwannin Nima da Madina na Accra masu haɗa wa shaguna da makarantun Islamiyya shafin intanet sun san wannan ciwon kai. Ka ɗora shafi a sabar Ubuntu, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, sai PHP-FPM, manhajar da ke gudanar da fayilolin PHP, ya ce "File not found", ko Nginx, manhajar da ke miƙa shafin ga burauza, ya ba ka 404, lambar da ke nufin ba a samu ba. Ka buga `ls`, ga fayil zaune daram. Galibi hana saba shiga aka yi, ita kuma ta ce ba ta gani ba.

Da farko ka rabu da abin da burauza ta nuna, ka buɗe `/var/log/nginx/error.log`. In ka ga "(13: Permission denied)", ka kama ɓarawo. "Primary script unknown" kuwa ba ya faɗin dalili, sai ka ci gaba da bincike.

Ka tuna Nginx ba da sunanka yake aiki ba, da sunan `www-data` ne. To, gwada karanta fayil ɗin a matsayinsa: `sudo -u www-data cat /home/shago/shafi/index.php`. In an hana shi, buga `namei -l` da wannan hanyar. Zai jero maka kowace folda tun daga tushe, da mai ita da izininta. Nan ne wurin lura, domin sai kowace folda ta ba `www-data` izinin `x`, wato izinin ratsawa, kafin ya wuce. Kamar gidan haya ne a zango: ɗakinka a buɗe, amma ƙofar zaure a kulle. Tun daga Ubuntu 21.04, lambar izinin foldar gida ta sabon mai amfani 750 ce, wato `www-data` ba ya iya ratsa ta. Shi ya sa `chmod 777` a kan fayil ɗin ba ya tsinana komai, sai dai ya ba duk wanda zai iya isa gare shi a sabar damar sauya shi.

A ganina, mayar da shafin `/var/www` ya fi sassauta foldar gidanka. Sa wa foldoji izinin 755, fayiloli 644, sannan foldar da ake ɗora hotuna kaɗai za ka mallaka wa `www-data` da `chown`.

In Rocky Linux ko AlmaLinux kake, akwai sauran aiki. SELinux, ƙarin tsarin tsaro da ke cikinsu, na iya hanawa ko da lambobin nan daidai suke, musamman in da `mv` ka kwaso fayilolin, don suna zuwa da tsohon tambarinsu na SELinux. Duba da `ls -Z`, ka gyara da `restorecon -Rv /var/www`.