Motar farko a Ingila: hirar da muka yi a Ƙofar Ƙaura

Na zo Katsina hutun Babbar Sallah, kuma kusan kullum bayan Isha'i a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura sai zancen mota ya taso. Ƙannena biyu sun samu bizar Ingila, ɗaya karatu, ɗaya aikin jinya, kuma tun ba su hau jirgi ba sun gama zaɓen mota a waya. Ƙaramin ya miƙo mini tasa ya ce, "Yaya, dubi wannan Marsandin, fam 4,000 kawai fa. Wallahi ko Corolla ta fi ta tsada." Farashin gaskiya ne, ba damfara ba ce. Abin da bai tambaya ba shi ne dalilin da ya sa mai ita yake neman rabuwa da ita a haka. Amsar da na ba su ita na rubuta a nan, saboda na san ba su kaɗai ne ke kan hanya ba.

Mu nan mun saba auna mota da kuɗin sayenta. Idan ta lalace, ka tura yaro ya kira bakanike, ya zo ya kwanta ƙarƙashinta a gindin bedi, ya ɗaure nan ya buga can, ka ba shi abin da ya sauwaƙa. Shi ya sa Fijo 504 da 505 da aka haɗa a Kaduna suka yi shekaru suna bautawa, shi ya sa har gobe tsofaffin Golf ke jigila tsakanin Katsina da Daura. A Ingila da awa ake biyan bakanike, kuma garejin kamfanin manyan motoci ya fi na unguwa tsada nesa ba kusa ba. Ba a cika gyara abu ba, canza shi ake yi ɗungurungum. To babbar mota mai shekara 12 farashinta ya faɗi warwas, amma kuɗin kayan gyaranta na nan yadda yake ranar da ta fito fil. Mai ita ya ga lokacin manyan gyare-gyare ya matso, shi ya sa ya sa ta a kasuwa.

Na faɗi haka ne don ya faru da ni. A shekarata ta biyu a Ingila na sayi wata babbar motar Jamus mai shan dizal, kujerun fata, ga sanyi ga laushi. Tafiyata kullum ba ta wuce daga gida zuwa wurin aiki da masallaci ba. Motocin dizal na zamani suna da wata matata a cikin salansa mai tare baƙin hayaƙi, kuma ba ta ƙone abin da ta tara sai an yi doguwar tafiya injin ya ɗau zafi sosai. Tawa ta toshe cikin 'yan watanni. Ina gama wannan sai giyabos ya fara fizga. Kuɗin da na yi niyyar aikowa gida don rufin ɗakin mahaifiyata kafin damina, a gareji suka ƙare, kuma har yau abin na yi mini ciwo idan na tuna.

Kafin ma a kai ga gyara, akwai inshora, kuma ita ce ke fara karya sabon zuwa. Dole ce, kuma kyamarorin 'yan sanda suna karanta lamba su san wadda ba ta da ita. Mafi ƙarancin hukunci tarar fam 300 da makin laifi 6 a lasisi, ana kuma iya kwace motar. Kamfanoni sun kasa motoci rukuni-rukuni daga 1 zuwa 50, ƙananan motoci a ƙasa, masu manyan injina a sama, inda inshora ta fi tsada. Kai kuma ka zo ba ka da tarihin tuƙi a ƙasar ko na kwana ɗaya, ko da ka shekara 15 kana bin hanyar Kano lafiya lau. Na ga wanda kuɗin inshorarsa na shekara ya zarce kuɗin motar. Saboda haka ka sa lambar motar a shafukan kwatanta farashin inshora tun kafin ka je ganinta. Sannan ka sani inshora da sunan direba ake yinta. Al'adarmu ta "ɗan ba ni makulli in je in dawo" tana iya jefa ku duka biyu cikin matsala, mai aro da mai bayarwa.

Lasisin Najeriya yana maka aiki wata 12 kacal daga ranar da ka zama mazauni, kuma ba a musanya shi da na Ingila. Sai ka nemi na koyo, ka ci jarrabawar kwamfuta, ka ci ta kan titi. Ka fara nema da wuri, domin samun ranar jarrabawa kan ɗauki watanni. Wanda ya ci da mota mai canza giya da kanta, irinta kaɗai zai tuƙa.

To wace mota? Idan ana maganar ƙarko, binciken da mujallun motoci irin su What Car? suke yi duk shekara, suna tambayar masu motoci abin da ya lalace musu, kusan kullum Toyota da Lexus da Honda da Suzuki suna can sama, Land Rover kuwa ta sha zama a ƙasa-ƙasa duk da tsadarta. Wannan ba sabon labari ba ne ga wanda ya san dalilin da ya sa direbobin tasharmu ba sa rabuwa da Hiace. Kuma ka lura da abin da kamfani ya yarda ya ɗaure kansa da shi: Kia tana ba da garanti na shekara 7 ko mil 100,000, Hyundai shekara 5, Toyota kuma tana sabunta nata duk lokacin da ka yi sabis a wurinta har motar ta kai shekara 10 ko mil 100,000. Ni abin da nake nuna wa sabon zuwa shi ne Yaris, ko Honda Jazz, ko Auris da Corolla masu haɗa fetur da batir idan akwai iyali. Ka duba motocin da direbobin haya ke ja a Landan da Birmingham, da yawansu Prius da Corolla ne, kuma su mutane ne da kwana ɗaya a gareji ke nufin kwana ɗaya babu ko kwabo.

Ba na cewa manyan motoci ba su da amfani. Wanda ke cin mil ɗaruruwa a babbar hanya kowane mako zai ji bambancin Marsandi ko BMW a bayansa da kunnuwansa, kuma a irin wannan tafiya dizal na da riba. Amma ya saye ta da garanti, da cikakken tarihin sabis, da ajiya a gefe wadda ba kuɗin haya ba ce. Kuma wani ɓangare na tsadar tambari ne kawai. Audi A3 da Volkswagen Golf da Skoda Octavia 'yan gida ɗaya ne, ƙashinsu ɗaya, injina da yawa iri ɗaya, Skoda ce mai sauƙi kuma ita ce mai faɗin but. Wanda ransa ya nace sai ta alfarma, Lexus ce hanyar da ta fi aminci, don ƙanwar Toyota ce. Ya kuma tuna motar da farashinta sabuwa ya haura fam 40,000 tana da ƙarin haraji na shekara 5, kuma wanda ya saye ta hannu na biyu cikin wannan lokaci shi zai ci gaba da biya.

Dillalai za su ce maka ba sai ka tara kuɗi ba, ka ɗauki sabuwa ka riƙa biya duk wata. Ka karanta takardar da kyau. Yawanci akwai kuɗin ruwa a ciki, akwai iyakar mil da za ka yi a shekara, kuma bayan shekara 3 ko 4 motar ba taka ba ce sai ka biya wani dunƙulallen kuɗi. Ga mai gudun riba magana ta ƙare tun a nan. Ga mai bizar da ta rataya a wuyan wurin aiki ɗaya kuwa, bashin shekara 4 babban kaya ne.

Ranar saye, ka sa lambar motar a shafin gwamnati, kyauta ne, za ka ga sakamakon MOT, wato gwajin lafiyar mota na kowace shekara, wanda ake yi wa duk motar da ta kai shekara 3. A nan za ka ga ko an juya mil baya, da ko an sha yin gargaɗin tsatsa, domin gishirin da ake watsa wa tituna da hunturu yana cin ƙarƙashin mota, abin da ba mu sani ba a ƙasarmu mai ƙura. Ka ga takardar mallaka V5C da idonka, ka biya 'yan fam kaɗan a bincika ko akwai bashi a kanta ko ta taɓa yin mummunan haɗari. Idan Landan za ka zauna, motar dizal da ta girmi 2015 galibi tana biyan fam 12.50 duk ranar da ta motsa, a tsakiyar Birmingham fam 8. Wannan ma na cikin abin da ya karyar da farashin irin Marsandin da ƙanena ya gani.

Da na kai nan sai babban ya ce, "To Yaya, in na gama da ita ba sai in auno ta gida ba?" Sitiyarinta a dama yake, mu kuma tun 1972 muka koma bin hannun dama, kuma doka ba ta yarda da irinta a titunanmu ba. Juya sitiyari aiki ne mai haɗari da ba na so wa kowa.

Mai karatun na ce masa ya haƙura da mota gaba ɗaya a shekarar farko, bas da jirgin ƙasa sun ishe shi, ya yi amfani da lokacin ya samu lasisi. Mai jinyar dole ya samu, don akwai ranakun da zai fita tun kafin Asuba bas bai fara ba. Mun zauna a kan tabarma muka duba Jazz guda uku a garin da za shi, ɗaya muka watsar saboda tsatsa ta fito a gwajinta shekara biyu a jere, sauran biyun ya ajiye lambobinsu zai duba inshora idan ya sauka.