Yadda za ku kafa kulob ɗin harbin baka a coci har ya yi girma

In kuna son kulob ɗin harbin baka ya zama hanyar bishara a cocinku, to abu na farko harbin ya zama na gaske. Yara fa ba wawaye ba ne, da zarar sun gane tarko aka ɗana musu don a zaunar da su awa guda ana wa'azi, sati mai zuwa ko ƙeyarsu ba za ku gani ba.

Ku fara da mutum biyu ko uku da suka je aka horar da su kan koyarwa, ba wai wanda ya taɓa harbi yana yaro ba. Coci-coci da yawa a Amurka tsarin NASP suke bi, wato shirin koyar da harbin baka a makarantu, wanda aka fara a makarantun jihar Kentucky a 2002, ita ma ƙungiyar Centershot irin kayan take amfani da su a shirinta na coci. Kowa baka iri ɗaya, mai suna Genesis, ana harbi daga mita 10 da mita 15, faɗin allon da ake harba santimita 80. Abin da ya sa nake son bakan nan shi ne 'yar shekara goma da ɗan sha bakwai duk za su iya ja, sai a riƙa karɓa-karɓa, ba sai kun tara kaya da yawa kafin ku fara ba.

Sai wuri. Babban ɗaki ko fili, a rataya raga a bayan allunan, duk ƙofar da ke ta wancan ɓangaren a kulle ta. A ja layin jira da layin harbi a ƙasa. Ranar farko kar a yi gaggawar ɗana kibiya, a koyi usur tukuna: busa biyu a ɗauki baka, ɗaya a fara harbi, uku a je kwaso kibiyoyi, biyar ko fiye kowa ya tsaya cak ko da ya riga ya ja. Kuma kar a taɓa sakin tsarkiya babu kibiya, lalata bakan yake yi. Ku sa ido kan hannun da ke riƙe da baka, in yaro bai juya gwiwar hannunsa ba tsarkiya za ta tsula masa, wurin ya yi jawur, yana ta dariyar yaƙe wai bai ji zafi ba.

Darasin Littafi Mai Tsarki minti goma ya isa, kuma a tsakiya, ba a ƙarshe ba lokacin da iyaye ke jira a bakin ƙofa. Abin faɗa ma ba sai an sha wahalar nema ba, kalmar zunubi a Helenanci da Ibrananci tana ɗauke da ma'anar kuskure abin da aka auna, ga Romawa 3:23, ga kibiyoyin Yonatan a 1 Sama'ila 20, ga Zabura 127:4 da ta kwatanta 'ya'ya da kibiyoyi a hannun jarumi. Ku faɗa wa iyaye tun wajen rajista cewa akwai darasin, ɓoye-ɓoye ba ya haifar da ɗa mai ido.

Girman kulob ɗin kuwa yawanci ba daga fosta yake zuwa ba, yaro ne zai jawo abokinsa, musamman irin yaran da ba sa samun shiga a ƙwallo. Ku ajiye wa iyaye kujeru, wani lokacin ma a miƙa wa baba baka ya gwada, in ya kuskure allon gabaɗaya 'yarsa ta gyara masa tsayuwa. Waɗanda suka shekara suna zuwa a ba su sababbi su riƙa taya su.

Bayan sati takwas a shirya 'yar gasa, kibiya 30, maki 300 ne ƙololuwa, a gayyaci wani coci ko makaranta. Takardar makin kowa a adana ta, don a zagaye na gaba da ita zai gwada kansa.