Yadda Ake Gano Ko Akwai Sinadarin Dabba a Cikin Kayan Ofis

Mutum yakan kula sosai da abin da yake ci, amma ya manta cewa yana lasar bakin ambulan da harshensa, yana kuma riƙe da jakar fata tun safe har la'asar. Tunda kayan ofis ba abinci ba ne, ba kasafai ake rubuta abubuwan da aka haɗa su da su a jikin kwali ba, don haka binciken sai an bi shi daki-daki.

Da farko a ware kayan da hankali zai kwanta da su. Farin gam da ake kira PVA daga sinadaran man fetur ake yinsa, gam ɗin bakin ambulan kuma yawanci daga sitacin masara ko dankali yake, ko daga ƙaro irin wanda ake tsinkowa a Borno da Yobe da Sudan. Gam ɗin da ake dafawa daga fata da ƙashi ya fi yawa a hannun masu ɗaurin littattafai da kafintoci.

Daga nan sai a haddace sunayen da ya kamata a nema. Gelatin daga fata ko ƙashin saniya ko alade yake, ana kuma shafa shi a wasu takardun zane da na hoto. Casein daga madara ake samunsa, shellac da carmine daga ƙwari, baƙin launi mai lamba PBk9 kuwa ƙonannen ƙashi ne. Wanda ya fi wahalar da mai bincike shi ne stearic acid, wanda ake sawa a kakin zanen yara da kayan roba, domin ana iya cire shi daga kitsen dabba, ana kuma iya cire shi daga manja, sunan kuma ɗaya ne.

Mataki na uku da hannu da ido ake yinsa. A tsige gashi ɗaya daga burushi a kusanta shi da ashana: na dabba zai yi ƙaurin ƙonannen gashi ya koma toka, na roba kuwa zai narke ya dunƙule. A kai bangon littafi ko jaka wurin haske a duba, domin fatar alade tana da ƙananan ramuka uku-uku a kusa da juna.

Idan shakka ta rage, a nemi takardar bayanin sinadarai da ake kira SDS a shafin intanet na kamfanin da ya yi kayan, a karanta sashe na 3, amma a sani cewa galibi abubuwa masu haɗari kawai ake lissafawa a wurin. Saboda haka a rubuta wa kamfanin, a ambaci sunan kayan da lambarsa, sannan a yi tambaya ƙarara: akwai wani abu daga dabba a ciki, kuma daga wace dabba? Mai neman hukuncin addini sai ya ɗauki wannan amsa ya kai wa malami, domin ba zai iya yin fatawa a kan abin da ba a tantance asalinsa ba.