Yadda na hana aiki mutuwa bayan haɗin SSH ya yanke

Ina kwafar manyan fayiloli a wata sabar Linux ta hanyar SSH, wato hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa a ba ta umarni, amma da zarar intanet ta katse sai aikin ya tsaya cak. Dalili kuwa shi ne, idan haɗin ya yanke, ana aika wa ayyukan da aka tayar a wannan zaman siginar SIGHUP, ita kuma ta kashe su.

Da farko na sa nohup, wanda ke sa aiki ya yi watsi da SIGHUP, a gaban umarnin da alamar & a ƙarshensa don ya gudana a bayan fage. Aikin ya ci gaba, sai dai bayanansa suna shiga fayil ɗin nohup.out, kuma babu halin amsa masa idan ya yi tambaya.

Tmux, manhajar da ke riƙe zama a kan sabar ko da haɗin ya yanke, ita ce ta warware matsalar. Na buɗe zama da tmux new -s kwafi, na tayar da aikin a ciki, na danna Ctrl da b, sannan d, na fita daga zaman ba tare da tsayar da aikin ba. Da na dawo, tmux attach -t kwafi ya nuna mini inda aikin ya kai. Amma aikin da ake so ya tashi da kansa bayan an sake kunna sabar, gara a miƙa shi ga systemd, manhajar da ke tayar da ayyuka idan Linux ya kunnu, domin zaman tmux yana mutuwa idan an sake kunna sabar.