Yadda Ake Gyara Kan Shawa Mai Yoyo a Gida

Kafin ka ɗauki sifana, tsaya ka gane inda ruwan yake fitowa, domin a nan na sha ganin mutane suna asarar kuɗinsu. Idan famfo a rufe yake amma ruwa yana ɗiga daga ramukan shawar dare da rana, robar da ke cikin famfon ce ta cinye, kuma ko sau goma ka sauya kan shawa ɗigar ba za ta tsaya ba. Gyaran da zan bayyana shi ne na ruwan da ke tsiyaya ko feshi ta mahaɗar kai da bututu duk lokacin da aka buɗe famfo.

Ka tanadi sifana ko filaya, da tsumma, da farin tef ɗin nan na masu gyaran famfo, da sabuwar roba, wato zoben robar da ke zama cikin wuyan kan shawar. Yawancin bututun shawa rabin inci ne, amma gara ka tafi shago da tsohuwar robar a aljihu, ka sayi biyu ko uku tunda ba tsada gare su ba.

Da farko rufe ruwa daga ƙarƙashin tanki. Naɗa tsumma a wuyan kan shawar don kada haƙoran filaya su karce shi, sannan ka murɗa ta hagu. Da ɗaya hannun kuwa ka riƙe bututun da ya fito daga bango gam, domin idan ya juya tare da kan, yoyon zai koma cikin bango, gyaran mintuna ya zama na fasa tayil. Idan kan ya fita, leƙa cikinsa, za ka ga robar ta baje ko ta tsage, wani lokaci ma ta bushe har tana ɓarɓashi. Zaƙulo ta, ka sa sabuwa ta zauna daidai. Ka kankare tsohon tef da tsatsa daga haƙoran bututun da tsohon buroshi har su fito tas.

Yanzu sai naɗa tef, wanda shi ne matakin da ya taɓa ba ni wahala. Karon farko na naɗa shi a baibai, ina murɗa kan yana warware shi, ya dunƙule a baki kamar audugar da ta jiƙe, yoyon ya fi na da. Ka tsaya kana fuskantar bakin bututun, ka naɗa ta dama, yadda hannun agogo ke tafiya, wato ta inda kan zai bi wajen ɗaurewa. Ka ja tef ɗin ya miƙe har ka riƙa ganin shatin haƙoran ta cikinsa, kuma kada ya lanƙwashe ya zama zare. Zagaye huɗu ko biyar sun isa. Masu lafta shi ashirin suna zaton ƙarfi suke ƙarawa, alhali kumbura wurin suke yi har wuyan kan ya tsage, musamman irin na roba mai fentin azurfa da ya cika kasuwa. Ka bar haƙori na farko a buɗe, don kada guntun tef ya shiga ya toshe ramuka.

Mayar da kan da hannu kawai, har ka ji ya tsaya. Ni ba na yarda a ƙara fiye da kwatan zagaye da filaya, domin matsewa da yawa ita ke murƙushe sabuwar roba tun ranar farko.

Idan ruwan rijiyar burtsatse ya bar farin dasashi a ramukan, jiƙa kan cikin ruwan khal ya kwana kafin ka mayar, ka goge da buroshi. Daga nan buɗe ruwa a hankali, ka zagaya mahaɗar da busasshen tsumma. Idan ya jiƙe, kwance ka sake naɗin. Idan kuwa ka ga tsaga a wuyan kan, tef ba zai yi maganinta ba, sai dai sabo.