Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Fassara Sunayen Garuruwa da Kogunan Romaniya

Na gaji da ganin masu fara nazarin sunayen wurare a Romaniya suna maimaita kurakurai iri ɗaya. Gaskiya ne Silabawa, wato dangin kakannin Bulgeriyawa da Sabiyawa, sun zauna a ƙasar tun ƙarni na 6 da na 7, sun kuma bar sunaye birjik: Bistrița daga kalmar da ke nufin mai sauri, Târnava daga ƙaya, Târgoviște kuma wurin kasuwa.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne dogaro da kamannin sauti, domin ni ma ya taɓa kayar da ni. Na taɓa rubuta cewa Slatina, garin da ke bakin kogin Olt, yana nufin garin zinariya, saboda kunnena ya haɗa shi da zlato, kalmar Silabawa ta zinariya. Na karanta wannan a gaban jama'a, sai wani dattijon malami ya bari na gama, sannan ya buɗe taswira ya ɗora yatsa a kan Zlatna, can cikin duwatsun Apuseni inda Rumawa suka haƙi zinariya, ya ce mini ga garin zinariyar nan. Slatina ruwan zartsi take nufi. Aikin makonni ya tashi a banza, kuma tun ranar ba na fassara suna sai na duba yanayin ƙasar wurin da tsohuwar sigar sunan a rubuce.

Na biyu shi ne jingina wa Silabawa kowane kogi, kuma wannan kasala ce kawai. Sunayen manyan koguna sun riga su zuwa: Herodotus, marubucin tarihi na Girka, ya ambaci Mureș da sunan Maris tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, Rumawa kuma sun san Olt da Alutus, Someș da Samus. Ƙananan koguna da rassa ne suka fi ɗaukar sunayen Silabawa.

Ɗafin -ești na București da Ploiești na harshen Romaniya ne, kada a haɗa shi da -ova ko -ița da suka fito daga Silabawa. Kada kuma sunan yau ya rufe maka na jiya: Alba Iulia an daɗe ana kiranta Bălgrad, wato farin birni a harshen Silabawa.